Shekarar 1648 ba ita ce mafarin tsarin ƙasashen zamani ba

Galibin littattafan share fage na ilimin hulɗar ƙasa da ƙasa da labari ɗaya suke buɗewa. Wai a shekarar 1648 sarakunan Turai suka gaji da Yaƙin Shekara Talatin, suka ƙulla sulhun Westfaliya, daga nan aka samu ƙasa mai diyauci: mai iyaka sananniya, wadda babu wani iko a bisanta, babu kuma mai tsoma mata baki a cikin gida. Yanzu da ake ta kiran a rubuta ilimin siyasa da Hausa, ra'ayina shi ne kada mu ɗauko wannan labari mu fassara shi yadda yake, domin takardun sulhun kansu ba su goyi bayansa ba.

Yarjejeniyoyi biyu aka sa wa hannu ranar 24 ga Oktoba, 1648: ta garin Munsta tsakanin Sarkin Daular Rum Mai Tsarki da Faransa, da ta Osnaburuk tsakaninsa da Suwidin. Mafi yawan abin da ke cikinsu gyaran tsarin cikin gida ne na waccan daula, wato wane basarake zai riƙe wace ƙasa, wa za a mayar wa da dukiyarsa, wace ɗarikar Kirista za a amince da ita. Daular ba ta rushe ba, ta ci gaba da majalisarta da kotunanta har zuwa 1806. An bar wa sarakunan Jamus damar ƙulla ƙawance da na waje, amma bisa sharaɗin kada ya zama na gaba da Sarki ko da daular.

Batun addini ya fi fito da abin fili. Sulhun Ogsbag na 1555 ne ya ba basarake ikon zaɓa wa talakawansa ɗarika. Na 1648 rage wannan iko ya yi, ya ɗauki 1624 a matsayin ma'auni, ta yadda jama'ar da ke yin ibadarta a wannan shekara ba za a hana ta ba ko da basarake ya sauya aƙida. Aka kuma naɗa Faransa da Suwidin masu lamuncewa, wanda a aikace lasisi ne na shiga harkokin Jamus. Da wuya a kira wannan haramta katsalandan.

To, daga ina labarin ya samo ƙarfi? Maƙalar Leo Gross ta 1948, wadda ta fito daidai cikar shekara 300 da sulhun, ta taimaka ƙwarai wajen kafa shi, kuma fage ne sabo (kujerar farfesa ta farko a wannan ilimi sai 1919 aka kafa ta a Aberystwyth) mai neman asali da zai jingina da shi. Stephen Krasner a 1999, Andreas Osiander a 2001 da Benno Teschke a 2003 duk sun warware zaren, kowa ta fuskarsa. Amma littafin ɗalibi ya fi saurin gado fiye da gyara.

Idan ranar haihuwa ake nema wa tsarin da muke ciki, ta fi kusa da mu. Ƙasashe 51 suka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945, yau 193 ne. A 1960 kaɗai ƙasashen Afirka 17 suka sami 'yanci, ciki har da Nijar da Nijeriya, kuma a Disambar shekarar ne Majalisar ta zartar da ƙuduri mai lamba 1514 kan kawo ƙarshen mulkin mallaka. A 1964 shugabannin Afirka suka amince a Alƙahira da riƙe iyakokin da suka gada. Kafin nan dauloli ne suka mamaye duniya, kuma Turawan da ake cewa sun girmama diyauci tun 1648 su ne suka zauna a Balin a 1884 zuwa 1885 suna tsara ƙa'idar mallakar ƙasashen wasu.

A nan ne manazarcin Hausa yake da abin cewa. Ɗalibin da ya san matsayin Sarkin Kano a ƙarƙashin Sarkin Musulmi a ƙarni na 19, yana mulkin ƙasarsa amma naɗinsa sai da amincewar Sakkwato, ba zai sha wahalar fahimtar iko mai hawa-hawa irin na Jamus ta 1648 ba, ko da yake tushen halaccin biyun ya bambanta. Wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi na Borno suka yi musaya, waɗanda Bello ya kawo cikin Infaƙul Maisuri, muhawara ce kan halaccin yaƙi tsakanin hukumomi biyu, kuma sun cancanci babi a darasin share fage.

Sai matsalar kalmomi, wadda ba ƙarama ba ce. Ƙasa tana nufin turɓaya da yanki da al'umma a lokaci guda. Daula tana ɗauke da ƙamshin sarauta. Diyauci kuwa daga ɗiya ya fito, kishiyar bawa, don haka ya fi karkata ga 'yanci daga mallakar wani fiye da ikon ƙoli a cikin gida da Jean Bodin ya yi bayani a 1576. Wannan ma'ana ta Hausa ta fi dacewa da 1960 fiye da 1648, kuma mai rubuta littafin farko zai buƙaci wata kalma dabam domin ɗaya ma'anar.