Kada A Bar Wa Teku Hanyar Rosslare

A ƙasar Ailan akwai wata hanyar jirgin ƙasa wadda ta tashi daga Dublin, babban birninsu, ta bi gaɓar teku ta yi kudu kimanin mil 100, har ta dire a Rosslare, tashar da jiragen fito ke ɗaukar mutane da motoci zuwa Wales da Faransa. Teku tana cin gaɓar nan kullum. Akwai masu cewa wai kuɗin kāre hanyar asara ne, tun da fasinja ba su da yawa, mota kuwa ta fi sauri. Ni dai ban yarda da wannan magana ba.

Mu fara da zaizayar teku. Ai ba yau ta soma ba. A 1855 aka buɗe yankin da ya ratsa dutsen Bray, bisa tsarin injiniyan nan Brunel. Ruwa ya yi ta cin gindin dutsen, amma mutanen dā ba su sallama ba, sai suka riƙa janye hanyar ciki, har a 1917 suka buɗe wani dogon rami da suka fasa cikin dutsen. To, abin da kakanni suka iya da ƙarfin damtse, yaya zai gagari jikoki masu manyan injuna?

Sai batun ƙarancin fasinja. Wa ya kore su? Daga Bray zuwa kudu layi ɗaya ne tak, jirgi sai ya jira ɗan'uwansa ya wuce. Tafiyar takan ci wajen awa 3. A 2008 aka ɗauke tashar jirgin ƙasa daga bakin jirgin fito, aka bar matafiyi da jan kaya a ƙasa. A 2010 kuma aka daina kai fasinja daga Rosslare zuwa Waterford. Wanda ya hana dokinsa harawa, ba shi da bakin cewa dokin ba ya gudu.

Ga kuma babban abin dubawa. Da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai, tun daga 2021 'yan kasuwar Ailan suka koma aika kayansu kai tsaye zuwa Faransa, harkar Rosslare ta bunƙasa ƙwarai. Amma kayan nan a manyan motoci suke isa tashar, alhali kuwa tashar tana hannun hukumar jiragen ƙasa ce. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Saboda haka abin yi a fili yake. A ƙarfafa gaɓa tun ruwa bai kai ga ƙarfen ba, a ƙara wuraren kaucewa, a daidaita lokacin jirgin ƙasa da na fito. Hanyar da aka bari ta mutu, tayar da ita ya fi gininta wuya. Wanda ya ƙi ji dai ba ya ƙi gani ba.