Tamowa Ba Zancen Mata Kaɗai Ba Ne: Magana Ga Iyaye Maza



Duk sanda aka taso da maganar tamowa, sai mu iyaye maza mu kau da kai, mu ce ai zancen mata ne, ko kuma matsalar mutanen ƙauye. Mu da ke Dutse Alhaji muna ganin tunda a Abuja muke, abin bai shafe mu ba. Wannan yaudarar kai ce.

Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa 57 cikin 100 ne. A watanni shida na farkon 2025, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda tamowa. Can ne garuruwan da yawancinmu muka fito, can muke tura iyali su haihu, kuma al'adun can muka kwaso muka zo da su nan.

Mu duba gidajenmu. An haifi jariri, an matse dakashi an zubar wai ƙazanta ne, alhali shi ne garkuwarsa ta farko daga cututtuka. Sai a bi shi da ruwa da bauri, ga shi likitoci sun ce nonon uwa zalla ya wadatar da shi har wata shida. Bayan wata shida sai a ɗora shi kan tsinkakken koko safe da yamma, ƙwai da nama kuma na kwanon maigida ne. Idan gudawa ta kama shi mu ce haƙori ne, mu zauna jira. Gudawa da ƙyanda suna zuƙe yaro, yaron da ya rame kuma shi cuta ta fi saurin kayarwa.

Za a ce talauci ne. Gaskiya abinci ya yi tsada, ba mu musa ba. To amma wanda ya iya sayen ragon suna da anko, yake cin tsire a bakin titi da dare, bai isa ya ce ƙwai ɗaya ya gagare shi ba. Gyaɗa, waken suya, wake, zogale da manja duk suna nan a kasuwar Dutse. A soya waken suya da gyaɗa, a niƙa da gero, a dama kunu mai kauri. Ya fi kokon nan nesa ba kusa ba.

Ayar da ta yi maganar shayarwa ta shekara biyu a Suratul Baƙara, ita ce kuma ta ɗora ciyar da mai shayarwa a kan uba. Don haka kada mu jingina wa matanmu laifin duka.

Maigida, ka san abin da ɗanka ya ci yau. Ka duba katin rigakafinsa da idonka. In gudawa ta zo, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a ci gaba da ba shi nono, a garzaya asibiti. In ƙafafunsa sun kumbura ko ya daina cin abinci, kada a kwana. In ka tura kuɗi gida, ka faɗi rabon yara a ciki.

Allah Ya raya mana zuri'a, amin.

Sakataren ƙungiya