SHARHI: Darajar Manhaja Tana Cikin Kayan Aikin da Aka Gina Ta da Su

Ɗan kasuwar da zai sayi injin niƙa yakan tambayi inda ake samun kayan gyaransa da makanikin da ya san shi. Amma idan aka zo sayen manhajar lissafi ko ta ajiyar kaya, sau da yawa abin da ya bayyana a fuskar kwamfuta kaɗai ake dubawa kafin a biya kuɗi. Tarihin manhajar GCC ya nuna cewa wannan sakaci ne mai tsada.

GCC tafinta ce tsakanin mutum da na'ura, domin ita ke fassara umarnin da masana suka rubuta zuwa lambobin da kwamfuta ke ganewa. Richard Stallman ne ya fitar da ita a Amurka a 1987, kuma da ita ake harhaɗa akasarin tsarin Linux, wanda manyan kwamfutocin kamfanoni da dama ke aiki da shi.

Abin da ya sa aka amince da ita shi ne kayan aikin da ke kewaye da ita. Manhajar Make, wadda Stuart Feldman ya ƙirƙiro a 1976, ita ke tsara matakan harhaɗawa. Ana gina GCC sau uku a jere, kowane zubi yana gina na gaba, sannan a kwatanta na biyu da na uku. In sun saɓa, akwai matsala. Daga nan DejaGnu ke gudanar da dubban gwaje-gwaje, yayin da Git, wadda aka koma kanta a 2020, ke adana bayanin wanda ya sauya kowane layi.

Wannan aiki yana da kuɗi a cikinsa. Kamfanin Cygnus, wanda aka kafa a 1989, ya yi kasuwancinsa ne da kula da GCC duk da cewa kyauta ake rarraba ta. A 1999 kamfanin Red Hat ya ƙulla cinikin sayensa da hannun jari na kimanin Dalar Amurka miliyan 674. Ƙwarewar gyara da gwaji aka saya.

Haka kuma, ɓarayi sun gane inda ƙofa take. A 2020 aka gano cewa an cusa mugun umarni a wurin harhaɗa manhajar kamfanin SolarWinds, abin da ya kai ga abokan ciniki kimanin 18,000. A 2024 an bankaɗo makamancin haka a cikin fayilolin gwaji da na harhaɗa manhajar XZ Utils.

Wasu za su ce ƙaramin kamfani ba shi da halin irin wannan bincike. To amma Make da Git da DejaGnu duk kyauta ne. Abin da ake bukata shi ne sharaɗi a takarda. Saboda haka wajibi ne duk mai ba da kwangilar manhaja ya nemi a miƙa masa ainihin rubutun umarnin, da tsarin harhaɗa shi, da sakamakon gwaji, sannan wani masani na daban ya sake gina ta a gabansa kafin a biya cikon kuɗi. Wanda ya karɓi manhaja ba tare da waɗannan ba, zai ci gaba da dogaro da mutum ɗaya, kuma shi zai riƙa yanka masa farashi.