Ruwa Mai Nauyi da Ruwan Rijiyarmu

Akwai wata magana da nake so mu warware. A cikin birnin Zazzau idan ruwan rijiya ya ƙi kumfa da sabulu, ko ya yi zartsi a baki, sai a ce yana da nauyi. To, abin da masana kimiyya ke kira ruwa mai nauyi daban yake, kuma a ganina bai kai a ji tsoronsa ba.

Ruwa dai haɗin haidirojin ne da oksijin. A 1931 wani Ba'amurke, Harold Urey, ya gano wani irin haidirojin da ya ninka wanda aka sani nauyi. Ruwan da ya ƙunshe shi, ido ba ya bambanta shi da na randa, sai dai ya fi shi nauyi da wajen kashi 11 cikin 100. A 1933 Gilbert Lewis ya jiƙa irin taba a ciki, ya ƙi tsira. Dalili kuwa, jiki yana sarrafa abinci ne ta ɓalle haidirojin daga nan ya liƙa can, shi kuwa mai nauyin nan taurin kai gare shi, ba ya saki da wuri. Sai aiki ya yi ta jan ƙafa, ƙwayoyin halitta su kasa rabuwa. Idan ya maye rubu'in ruwan jikin ɓera, haihuwa takan tsaya. In ya kai rabi, sai mutuwa. Abin mamaki, gansakuka takan saba da shi.

Amma fa sai an yi kwanaki ana shansa zalla, ga tsada. A rijiya ƙwaya ɗaya ce tak cikin haidirojin wajen 6,400. Masu bincike ma sukan ba mai shayarwa 'yar kurɓa don su auna nonon da jaririnta ke sha. Ko injin nukiliyar da aka kunna a Jami'ar Ahmadu Bello a 2004, da ruwa irin namu yake aiki.

Abin da ke kwantar da ƙannenmu da amai da gudawa kowace damina shi ne rijiyar da aka haƙa kusa da salga, da guga da ake yarwa a ƙasa. Ina roƙon iyayenmu, daga Kwarbai har Ƙofar Gayan, a yi wa rijiya murfi kafin ruwan farko ya sauka, a kuma riƙa tafasa na yara.