A haɗa fanka dirak, ko a nemi abin da ya lalace?

Da zarar watan Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40 a Maraɗi da Damagaram da Tawa, za ka ga motoci a bakin hanya an ɗaga masu kai, hayaƙin ruwa na tashi. In an kai gareji, maganar da aka fi ji ita ce: "Fanka ce, bari a haɗa ta dirak." A sa waya ta yi ta juyawa tun daga kunna mota har kashe ta, wani lokaci a cire kalosta a jefar. Mai mota ya biya, ya tafi yana murna.

Ni malami ne a makarantar horar da malamai, ba makanike ba. Amma wannan "dirak" ta dame ni, don ita ce dai abin da muke yi a aji: mu ba yaro amsa ya haddace, mu tsallake tambayar "mi ya sa?"

Aikin fankar ba shi da wuyar ganewa. In mota na gudu, iskar hanya na ratsa lagireto ta huce ruwan. In ta tsaya, ko tana rarrafe cikin cunkoson kasuwa, wannan iskar babu, sai fanka ta jawo ta. Saboda haka motar da ke zafi a tsaye, ta huce da an kama hanya, fankarta za a fara tuhuma. Wadda kuwa ke zafi tana tsaka da gudu tsakanin Dosso da Dogon Dutsi, a dubi ruwa, a dubi famfonsa, a dubi ko ƙura da laka sun toshe lagireto. Tambaya guda ga direba, "yaushe take zafi?", ta raba aikin biyu kafin a taɓa sifana.

A ƙananan motoci irin Corolla da Starlet fankar ta lantarki ce, kuma wutar na bin layi ɗaya: daga batir zuwa fizibil, zuwa rile, zuwa motar fankar, ta koma jikin ƙarfen mota. Akwai kuma wata ƴar na'ura da ke jin zafin ruwa, ita ke ba rile umarni in ruwan ya kusa digiri 100. Kowace gaɓa tana da gwajinta. A kunna kilim: a motoci da yawa fanka kan tashi nan take, in ta tashi to motarta lafiya lau. A ciro fizibil a haska shi. A musanya rile da wani irinsa da ke cikin akwatin, sau da yawa na oda. A ba fankar wuta kai tsaye daga batir da waya biyu. A tsofaffin Toyota da yawa, cire filogin na'urar jin zafi kaɗai kan tada fanka, wanda ke nuna sauran layin ba laifi. Duk wannan bai kai rabin awa ba.

Fizibil da ya ƙone aka sa sabo ya sake ƙonewa, magana yake yi: ko motar fankar ta cije tana jan wuta fiye da kima, ko waya ta goge tana taɓa ƙarfe. Wanda ya naɗa masa zaren waya don kada ya ƙara ƙonewa ya toshe bakin mai gargaɗi ne, kuma ta nan gobarar mota kan fara.

Ba na cewa dirak haramun ce. In na'urar ta mutu cikin daji tsakanin Ƙonni da Madawa, da iyali a mota, a haɗa ta a isa gari. Laifin shi ne a bar ta haka shekara biyu. Inji an ƙera shi ya yi aiki wajen digiri 90. In babu kalosta, fanka kuma ba hutu, da safiyar hunturu ba ya ɗumi da wuri, yana ƙara shan mai, yana cin jikinsa. Fankar ita ma ta gaji ta mutu, galibi ranar da aka fi buƙatarta, sai a koma zancen juwan kulas da jikkuna masu yawa.

Yaran da ke wannan aikin a gareji, da yawansu sun zauna a azuzuwanmu. Mun zana masu batir da ƙwan fitila da makunni a allo, sun kwafa, sun ci maki, ba wanda ya taɓa riƙe waya. Ga shi layin fankar nan shi ne zanen, an ƙara masa abu biyu kawai. Ɗalibaina masu shirin zama malamai nakan ce masu su nemo batirin tocila, da ƙwai, da waya, su haɗa, sannan su lalata gaɓa guda a ɓoye su ce yara su gano ta. Sharaɗi ɗaya: kafin ka taɓa, faɗi abin da kake zato da dalilinka. Yaron da ke zaune shiru a bencin baya sau da yawa shi ke riga kowa.

Uwaye kuma, mun saba kai yaro gareji ko CFM bayan lakwal ta kore shi, kamar horo. Alhali motocin da ke shigowa yanzu kwamfuta ce ke ba fanka umarni, kuma wanda bai iya karanta zanen wayoyi da awon wuta ba sai dai ya yi ta canza kaya da kuɗin mai mota. In ɗanka na gareji, kada ka cire shi daga karatu, kuma ka tambayi maigidansa ko akwai na'urar awon wuta a wurin. Ka ja masa kunne kan abu biyu: fankar lantarki na iya tashi ko an kashe mota, kada ya sa hannu sai an cire kan batir, kuma ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi.