Ganyen magani: Kafin ki tambayi farashi, tambayi ƙasar da ya fito

A wannan mako wata baiwar Allah daga Bukuru ce ta aiko da tambaya. Ta ce ta shuka na'ana'a da ɗaɗɗoya a tsakar gidanta domin shayi da maganin kumburin ciki, da ta ga ba sa sauri sai ta barbaɗa musu takin Uriya. Ganye ya yi fāɗi, ya yi kore shar, amma ƙamshin ya gudu, ko ta dafa sai ka ce ruwan zafi kawai. Tana so ta san ko irin ne ba shi da kyau.

'Yar'uwa, da wuya laifin iri ne, takin ne ya yi yawa. Abin da ke sa ganye ya zama magani wasu sinadarai ne da tsiro ke haɗawa domin kare kansa daga ƙwari, zafin rana da cututtuka. Man da ke ba na'ana'a ƙamshi da ɗacin da ke cikin shuwaka duk daga nan suke. Takin Uriya kuwa kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne, wato sinadarin da ke tura tsiro ya yi ganye. Idan ya yi daidai yana da amfani, idan ya wuce kima sai tsiron ya mayar da ƙarfinsa ga girma, ganyen ya cika da ruwa, sinadarin maganin ya tsarma. Masu bincike sun ga haka a tazargade irin wanda ake ciro maganin zazzaɓin cizon sauro daga jikinsa, aikin da ya sa Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu kyautar Nobel a 2015: yawan naitirojin yana rage ƙarfin sinadarin a cikin ganye. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Kowane tsiro da abin da yake nema. Tafarnuwa da albasa, alal misali, yajinsu daga farar wuta yake samuwa, don haka ƙasar da ba ta da ita takan ba da tafarnuwa mai lami. Uriya ba ta ɗauke da farar wuta, amma takin Sufa da ruɓaɓɓen takin dabbobi suna da ita. Citta da gangamau kuma suna son ƙasa mai laushi wadda ruwa ba ya kwanciya, in ba haka ba saiwar ta ruɓe.

Wannan matsala ta raunin magani ita ce ƙarama. Babbar ita ce abin da ganye ke kwasowa daga ƙasa ba tare da mun gani ba, kuma a nan mu mazauna Jos muke da namu labarin daban.

Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a wannan tsauni. Da harkar ta ja baya, sai aka bar mana ɗaruruwan kududdufai da tulin ƙasar da aka tono a Bukuru, Rayfield, Barikin Ladi da kewaye. Waɗannan kududdufai, tare da kogin Dilimi, su ne suka raya noman rani da ke cika kasuwar Farin Gada da kabeji, karas da latas. Alheri ne babba. Sai dai ƙasar da aka juya a wajen haƙa yawanci ba ta da ƙarfi, kuma tana da tsami, shi ya sa manoman lambu suka daɗe suna sayen tokar bola daga cikin gari suna zubawa. Dabarar tana da tushe, domin toka na rage tsamin ƙasa, tana kuma ƙara mata abinci. Matsalar ita ce bolar yau ba ta jiya ba ce. A cikinta akwai matattun batura, gwangwanayen fenti, robobi da tarkacen wayoyin salula. Idan aka ƙona su, ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyom ba sa ƙonewa, a tokar suke zama. Wasu saiwa ke zuƙa, wasu kuma ƙura ke ɗora su a kan ganye, kuma ƙasa mai tsami ta fi sakar wa tsiro su.

Ba ina cewa duk ganyen lambun Jos guba ba ne, kuma ba na zargin manoma, waɗanda ke neman halaliyarsu. Abin lura shi ne ganyen magani ba kamar latas ba ne da za a ci yau a bari gobe. Ana busar da shi, a daka, a sha safe da yamma na makonni, sau da yawa kuma mara lafiya, mai jego ko ƙaramin yaro ake ba. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire dalma. Ita dalma a jiki take taruwa, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro da jininsa, kadmiyom kuma ya fi yi wa ƙoda illa. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara sama da 400. Can guba ce mai yawa a lokaci guda, namu abin tsoron shi ne kaɗan-kaɗan da ba a ankara da shi. Domin irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin noma da tsinkar tsirran magani a 2003, kuma a nan Jami'ar Jos akwai cibiya guda da aikinta shi ne binciken magungunan tsirrai.

To, mece ce mafita ga iyali? Ganyen da kuke yawan sha, ku shuka abinku. Na'ana'a, ɗaɗɗoya, lansir da shuwaka duk suna yi a buhu ko tsohon bokiti, muddin ba na fenti ko baƙin mai ba ne. A ɗebo ƙasa daga gona mai tsabta, nesa da juji, garejin makanikai, bakin kwalta da tulin ƙasar kuza. A gauraya ta da takin shanu ko na awaki wanda ya ruɓe sosai. Kashin kaji yana da arha a Jos saboda yawan gidajen gona, amma ɗanyensa yana ƙona saiwa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa, don haka a tara shi ya yi aƙalla wata 3 zuwa 4 kafin a zuba. In za a sa toka, ta itacen girki zalla. In kuwa za a sa takin zamani, ɗan kaɗan a farkon shuka ya isa, a kuma daina idan tsinka ta kusa. A ba tsiron rana sosai, kada a cika masa ruwa. A tsinka da safe bayan raɓa ta bushe, a wanke da ruwa mai tsabta, a shanya a inuwa kan tabarma ko faranti, ba a ƙasa ba.

Wanda kuma zai saya, ya tambayi mai kaya daga ina ganyen ya fito. Tambayar ba rashin kunya ba ce. A murza ganyen a shinshina, domin ƙamshi ya fi fāɗin ganye faɗin gaskiya. Wanda aka ƙulla a leda ko kwalba, a duba lambar NAFDAC. Kada kuma a manta, zazzaɓin yaro gwaji yake buƙata a asibiti kafin komai, mai ciki kuma kada ta sha kowane haɗi sai ta tambayi likita.

Ke kuma 'yar'uwarmu ta Bukuru, ki aske na'ana'ar nan ƙasa-ƙasa, ki daina sa mata Uriya, ki matsar da ita inda rana ke bugawa. Sabon tohon da zai fito zai fi ƙanƙanta, amma in Allah ya yarda ƙamshin zai dawo. Allah ya ba mu lafiya mai amfani. Sai mako mai zuwa.