Tiyatar leza: Shin ita ce mafita ga masu matsalar gani a yankin Morai?

A shafukan TikTok da Facebook ana yawan ganin bidiyon mutanen da suka kwanta na ɗan lokaci a asibiti, aka haska masu ido da na'ura, washegari suka jefar da tabarau. Irin waɗannan tallace-tallace na isa har wayoyin matasan Talata Mafara da Bakura da Maradun, kuma suna sa wasu ɗaukar cewa duk wani hazo da ke cikin ido leza na iya wanke shi.

Gaskiyar lamarin ita ce aikin yana gyara nau'i ɗaya ne kawai na matsalar gani, kuma ba shi ne ya fi makantar da mutane a wannan yanki ba.

Me ake yi a tiyatar?

A gaban ƙwayar ido akwai wani ɓawo mai haske kamar gilashi, likitoci na kiransa koniya. Shi ke tanƙwara haske ya sauka daidai a bayan ido. Idan siffarsa ko tsawon ƙwayar idon ba su daidaita ba, sai mutum ya kasa ganin nesa, ko kusa, ko ya riƙa ganin komai dishi-dishi.

A aikin da aka fi sani da LASIK, likita na ɗaga wani siririn yanki na ɓawon, ya kankare abin da ke ƙarƙashi da hasken leza, sannan ya mayar. A wani salon mai suna PRK, daga sama ake kankarewa. Ɗigon maganin kashe zafi kawai ake sa wa, kuma aikin bai cika kai rabin awa ba. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da PRK a 1995, LASIK kuma a ƙarshen shekarun 1990.

Ma'ana, abin da tabarau ke yi a waje, shi leza ke sassaƙawa a jikin ido. Bambancin shi ne abin da aka kankare ba ya dawowa.

Ba kowa ya dace ba

Ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba, ko wanda lambar gilashinsa ke canzawa, ko mai juna biyu, ko mai ciwon sukari da bai daidaita ba. Haka ma wanda ɓawon idonsa ya yi siriri. Wannan ya shafi yankinmu na arewa sosai, domin yara da dama na tashi da ƙaiƙayin ido saboda ƙura, kuma yawan murza ido na da alaƙa da sirancewar ɓawon.

Akasarin waɗanda aka tantance da kyau suna samun biyan buƙata. Amma akwai masu fama da bushewar ido, ko ganin zobe a kewayen fitila da dare. A 2022 FDA ta fitar da daftarin shawara cewa a riƙa bayyana wa mutane waɗannan illoli dalla-dalla kafin aiki. Ga direban da ke bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato, ko manomin rani a fadamun Bakolori da ke yini cikin iskar hunturu, wannan ba ƙaramin abin dubawa ba ne.

Sannan aikin ba ya hana raunin ganin kusa da ke zuwa bayan shekara 40. Wanda aka yi wa yana ɗan 25 zai iya komawa neman gilashin karatu idan ya manyanta.

Kuɗi da nisa

A Najeriya, asibitoci masu zaman kansu a manyan birane irin Legas da Abuja ne suka fi yin aikin, wasu kuma na tafiya Indiya ko Masar. A Amurka ido ɗaya kan ci kimanin dala dubu biyu ko fiye. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun 2024.

Bayan kuɗi akwai zirga-zirga. Dole likita ya sake duba idon washegari, sannan a ci gaba da komawa cikin makonni da watanni. Ga mutumin Maradun, inda matsalar tsaro ta mayar da tafiya abin fargaba, kowace komawa lissafi ce.

Abin da ya fi makantar da mutane

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne. Yanar ido ce ta jawo kashi 43 na makantar, sai gilakoma, wadda ake kira hawan jinin ido, da kusan kashi 17. Fiye da kashi 80 na makantar abin da za a iya kaucewa ne ko a magance.

LASIK ba ta taɓa ko ɗaya cikin biyun. Yana na buƙatar a cire madubin cikin ido da ya dushe a dasa na roba. Gilakoma kuma tana cin jijiyar gani a ɓoye, kuma abin da ta ci ya tafi. Akwai wasu nau'o'in leza da ake amfani da su wajen gilakoma da illar sukari ga ido, amma aikinsu daban ne, kuma likita ne ke yanke hukunci.

Binciken ya kuma nuna cewa cikin idanun da aka yi wa aikin yana, fiye da kashi 40 masu aikin gargajiya ne suka yi, ta hanyar tura yanar cikin ido da tsinke, kuma mafi yawansu sun ƙare a makance. Garin neman gira aka rasa ido. Haɗarin yanzu shi ne duk wanda ya zo da wata na'ura mai haske ya ambaci kalmar leza zai iya samun irin amincewar da masu tsinke suka samu a da.

Tabarau kafin leza

Matsalar da leza ke gyarawa ita ce babbar sanadin matsakaicin raunin gani a binciken, fiye da rabi. Amma maganinta mafi sauƙi shi ne awon ido da tabarau. Telan da ya kasa zura zare a allura, malamin tsangaya da rubutu ya fara ɓace masa, ɗalibar kwalejin Abdu Gusau da ba ta hango allo, yawancinsu abin da suke buƙata ke nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin SPECS 2030 a 2024 don faɗaɗa samar da tabarau. A 2023 gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta yi alƙawarin raba tabarau miliyan biyar ga 'yan ƙasa. Ma'aunin nasarar irin waɗannan shirye-shirye shi ne ko cibiyoyin lafiya na matakin farko a Bakura da Maradun na da allon awon gani da ma'aikacin da ya iya amfani da shi, da hanyar tura mai yana zuwa inda za a yi masa aiki.

Wuraren turawar suna nan: Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, Asibitin Ido na Ƙasa da ke Kaduna, da asibitocin ido na ECWA da Makkah a Kano.

Ga mai hali da ya ƙosa da tabarau, leza zaɓi ne mai kyau idan ƙwararren likitan ido ya auna kaurin ɓawon da ƙarfin matsin idon, ya kuma faɗi wanda zai duba shi idan matsala ta taso bayan ya koma gida. Ga sauran jama'a, musamman wanda ya haura 40 ko yake da mai gilakoma a danginsa, matakin farko shi ne a je a auna ido tun ana gani.